Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida: Karatun Zuciya a Finafinan Ban Tsoro

A cikin nau'o'in fim da Hausawa suke kallo, kaɗan ne ake kallonsu da marmari a ɗaki sannan a fito waje a kushe su kamar fim ɗin ban tsoro, wato fim ɗin da aka gina domin ya tayar da tsikar jikin mai kallo ta hanyar aljanu, ko fatalwa, ko maita, ko mutumin da hankalinsa ya juye har ya zama abin gudu ga iyalinsa. Masu kushe shi sun kasu gida biyu. Akwai masu kishin addini, waɗanda suke ganin irin wannan fim talla ce ga boka da ɗan bori, kuma yana cusa wa mata da yara tsoron aljani fiye da tsoron Wanda ya halicci aljani. Akwai kuma wasu daga cikin 'yan boko, waɗanda suke ɗaukarsa tarkacen camfi, aikin wanda ba shi da labarin bayarwa sai ya fake da jan ido da hayaƙi da kururuwa. Ɓangarorin biyu ba sa ga-maciji da juna a sauran al'amura, amma a nan kuskurensu ɗaya ne, domin dukansu sun zuba wa dodon ido sun manta da mutumin da dodon ya zo wurinsa. Fim ɗin ban tsoro mai kyau nazarin zuciyar ɗan Adam ne kafin ya zama komai, kuma Bahaushe yana da kayan karanta shi tun kafin a kawo masa majigi.

Inda Abin Ya Faro

Sarrafa tsoro da gangan domin a faɗi wata gaskiya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tatsuniyar budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙi samarin garinsu ta bi baƙo kyakkyawa, sai da suka yi nisa a daji ya rikiɗe mata, labari ne na fargabar kowace amarya da za a ɗauke ta daga gidan ubanta a kai ta hannun mutumin da ba ta san cikinsa ba. Bori kuwa, wanda malamai suka daɗe suna yaƙa kuma wannan nazari bai zo domin wanke shi ba, ya bar wa mai nazari wani abu da ba a musunsa, wato jerin halayen mutane da aka ba kowanne suna da murya da tafiya: Ɗan Galadima ɗan sarki mai almubazzaranci da caca, Sarkin Rafi mai haukan faɗuwa, Malam Alhaji tsoho mai tari da tasbaha, Kuturu mai dungu, da Inna wadda ake danganta shanyewar jiki da ita. Manazarci Tremearne ya rubuta su a 1914, Fremont Besmer ya sake bin su a Kano a littafinsa na 1983, kuma Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta nuna yadda iskoki suke cuɗanye da rayuwar matan aure, da haihuwa, da rashin lafiya.

A rubuce ma Zariya ce ta fara. Daga cikin ƙagaggun littattafai biyar na farko da Hukumar Talifi ta fitar a tsakiyar shekarun 1930 ƙarƙashin Dokta R. M. East, Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da shi East ɗin, shi ne wanda ya bar yawon duniya da ban dariya ya shiga cikin ƙirjin mutum ɗaya domin ya ga yadda ƙiyayya take cin mai ita. Lokacin da aka kafa Kamfanin Gaskiya a unguwar Tukur-Tukur ta Zariya a 1945, sannan daga baya kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, waɗannan littattafai suka zama abin karatun 'yan makaranta a faɗin Arewa, don haka unguwar da ta yi shekaru tana buga wa Hausawa abin karatu tana da haƙƙi a cikin wannan magana. Fim ya zo daga baya ta ƙofofi da dama: finafinan Indiya da suka mamaye silimun Arewa, cikinsu har da na tsoro irin su Jaani Dushman na 1979 da finafinan 'yan'uwan Ramsay, finafinan kudu da suka biyo bayan Living in Bondage na 1992, da kuma finafinan Hausa na bidiyo da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, waɗanda tun daga 2001 suke aiki a ƙarƙashin idon Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Yau matashin da ke zaune a dakalin ƙofar gida a Tukur-Tukur ko Tudun Wada yana iya kallon duk waɗannan a wayarsa, wasu ma da fassarar Hausa.

Tsoro Iri Biyu

Wajibi ne a raba tsakanin fim ɗin firgitarwa da fim ɗin tsoron zuci. Na farko yana aiki da zabura: a yi shiru, sai ƙofa ta bugu, mai kallo ya zabura, bayan minti ɗaya ya manta. Na biyu yana aiki da fargaba, wadda take shiga a hankali ta zauna, domin abin da ake nunawa ya taɓa wani abu da mai kallo ya riga ya sani game da kansa ko gidansu amma bai taɓa furtawa ba. Sigmund Freud, a wata maƙala ta 1919, ya bayyana cewa abin da ya fi tayar da hankali shi ne sanannen abu na cikin gida wanda aka binne a zuci sannan ya dawo da baƙuwar fuska. Malaman Musulunci sun riga shi shiga wannan fage da daɗewa, domin Alƙur'ani ya ambaci rai mai umarni da mummuna, da rai mai zargin kanta, da rai mai natsuwa, kuma Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya ware babi-babi a wani littafinsa a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki. Rai mai zargin kanta, wato wadda ba ta barin mai ita ya yi barci bayan ya aikata ɓarna, ita ce jarumar kusan kowane fim ɗin tsoro da ya cancanci a sake kallonsa.

Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida, kuma wannan rabo ne mai tsari: a daji ake gamuwa da kura da iska da ɗan fashi, a gida kuwa abin da yake tsare mutum shi ne nauyin idon iyaye da surukai da maƙwabta. Aikin fim ɗin ban tsoro shi ne ya rusa wannan katanga, ya shigo da abin daji ta zaure, ya ratsa da shi tsakar gida, ya zaunar da shi a ƙuryar ɗakin amarya, a tsakanin jeren kwanuka da labulen gado. Da zarar tsoro ya shigo gida sai ya ci karo da kunya, kuma a wannan karon ne ake samun duk abin da ya cancanci nazari, domin kunya ita ce take hana faɗa, shi kuwa abin da ya shigo ba ya jin nauyin kowa.

Aron Murya

Dabarar da ta fi kowacce ƙarfi a wannan fanni, kuma wadda masu suka suka fi yi wa dariya, ita ce aron murya, wato fitowar da za a ga bakin mutum yana motsi amma muryar da take fita ta wani ce. Duk wanda ya saba da finafinan Hausa da suka taɓo aljanu, ko ya taɓa sauraron kaset ɗin ruƙya, ya san yadda fitowar take. Ana zaunar da mace, galibi budurwa ko amarya, a kan tabarma, an lulluɓe ta da hijabi, mata biyu sun riƙe ta, uwa ko suruka tana rakuɓe a bakin ƙofa, miji yana tsaye yana share gumi. Malami ya fara karatu a kunnenta, sai yatsun ƙafarta su fara karkarwa, sai numfashi ya sauya, sai murya mai kauri ta fito. Daga nan malami ya shiga tambayoyin da kusan ba sa canzawa: wane ne kai, Musulmi ne ko kafiri, tun yaushe ka shige ta, turo ka aka yi ko son ta kake, ta ina za ka fita.

Mai kallo na sama-sama yana ganin fito-na-fito tsakanin malami da aljani. Mai lura kuwa zai ga cewa wannan ne kaɗai zaman da aka yi a duk tsawon fim ɗin wanda aka tara mutanen gidan gaba ɗaya, aka yi tsit, aka saurari abin da yake fita daga bakin wannan mace ba tare da an katse ta ba. Kafin wannan fitowa an nuna ta tana sunkuyar da kai gaban suruka, tana amsa "to, Baba" lokacin da aka yanke mata aure, tana cewa "ba komai" idan an tambaye ta abin da yake damun ta. Al'ada ta hana ta kiran sunan mijinta, ta hana ta ɗaga ido ta dubi surukinta, ta koya mata cewa haƙuri shi ne adon mace. Yanzu ga murya daga ƙirjinta tana kiran mijin da sunansa tsirara, tana cewa tun ranar da aka kawo yarinyar nan gidan take kuka a banɗaki, tana faɗin wanda ya zalunce ta da abin da aka ɓoye. Kowa ya ji, kuma babu wanda zai ce ta yi rashin kunya, domin a idon kowa ba ita ta faɗa ba. Aron murya hanya ce da gaskiya take bi ta fito a gidan da aka toshe mata kowace ƙofa, ba tare da mutuncin mai faɗar ya zube ba.

Amsoshin da muryar take bayarwa su ma abin dubawa ne, musamman amsar tambayar lokaci. Aljanin fim ba ya cewa ya shiga a wata rana da babu abin da ya faru. Yakan ce ya shige ta ranar da ta yi kuka mai tsanani, ko ranar da ta fita da magariba ita kaɗai, ko daren da aka kai ta ɗakin miji, ko bayan ta yi ɓari, ko bayan rasuwar mahaifiyarta. Waɗannan su ne ranakun da likitan ƙwaƙwalwa zai tambaya idan an kai masa irin wannan marar lafiya, domin su ne lokutan da rai yake samun rauni. Marubucin fim, ko da bai taɓa buɗe littafin ilimin halayyar ɗan Adam ba, ya san daga rayuwa cewa ciwo ba ya shiga sai ta inda aka tsage, shi ya sa yake ɗora shigar aljani a kan ranar baƙin ciki. Haka kuma amsar dalili: idan muryar ta ce son ta yake, ba ya so ta zauna da kowane namiji, fim ɗin yana magana ne a kan macen da jikinta yake gudun auren da bakinta ya amsa, idan ta ce turo shi aka yi, to fim ɗin ya koma kan gaba da hassadar da ke tsakanin mutanen gida ɗaya.

Wannan dabara ita ce ƙashin bayan manyan finafinan tsoro na duniya, abin da yake nuna cewa raina ta a fim ɗin Hausa raina kai ne kawai. A Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, Norman Bates ya kashe mahaifiyarsa, ya kasa ɗaukar nauyin abin da ya yi, sai ya adana gawarta ya kuma ba ta rabin ransa, yana magana da muryarta yana yi wa kansa faɗa da ita, har a fitowar ƙarshe ake ganin fuskarsa ana jin muryar uwar ita kaɗai. A The Exorcist na William Friedkin, 1973, yarinya Regan mai shekara 12, wadda iyayenta suka rabu har uban bai kira ta ranar zagayowar haihuwarta ba, ita ce aka shiga, amma fim ɗin ya fi damuwa da Karras, limamin coci kuma likitan ƙwaƙwalwa, wanda mahaifiyarsa tsohuwa ta mutu ita kaɗai yana nesa da ita. Bugun da ya fi gigita shi a ɗakin shi ne lokacin da muryar mahaifiyar tasa ta fito daga bakin yarinyar tana tuhumarsa. Shaiɗanin bai ƙirƙiri sabon ciwo ba, ya laluba ne ya gano wanda mutumin ya shigo da shi. Darasin da ke nan ga mai nazari shi ne, a fitowar aron murya, fuskar da ya kamata a duba ita ce ta masu sauraro, domin wanda ya fi kowa sauya fuska a ɗakin shi ne wanda aka zo dominsa.

Bhool Bhulaiyaa na Priyadarshan, 2007, ya ƙara wani mataki da ya fi kusa da yanayin ƙasar Hausa. Avni, matar da Vidya Balan ta fito a matsayinta, ta shiga wani tsohon gidan sarauta, ta ji labarin wata 'yar rawa mai suna Manjulika da wani sarki ya zalunta, sai ta fara tashi da dare tana rawa tana magana da muryar Manjulika da yarenta. Likitan da Akshay Kumar ya fito a matsayinsa ya gano cewa rabuwar hali ce, wato ciwon da rai yake tsagewa gida biyu har kowane ɓangare ya yi zaman kansa, kuma ya bi sawunsa har zuwa ƙuruciyarta. Amma bai warkar da ita da bayani ba, sai da ya haɗa kai da malamin addininsu aka shirya mata abin da zai sa Manjulikar da ke cikinta ta gamsu cewa ta rama. Likitan ya san sunan ciwon, amma ya yarda cewa ciwon da yaren gidan yake magana, kuma da yaren za a sallame shi.

Fassarori Biyu da Suka Gaza

Fassarar farko da ya kamata a ajiye ita ce mai cewa duk abin a kai yake, babu aljani babu komai, ruɗin ƙwaƙwalwa ne. Wannan fassara ba ta da kasuwa wurin mai kallo Musulmi, wanda ya san akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan aljanu, kuma ko ta fuskar fasaha ma tana kashe fim. Dogon bayanin da likita ya yi a ƙarshen Psycho shi ne ɓangaren da masu sharhi suka fi kushewa, domin ya mayar da abin da ya girgiza mutane darasin aji. I. M. Lewis, a littafinsa na 1971, ya fassara hawan iska ga mata a matsayin hanyar da marasa ƙarfi suke bi su matsa wa mazajensu, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki, sai dai idan aka tsaya a nan an mayar da marar lafiya mai dabara, alhali wadda take birgima a tabarma wahala take sha ta gaske, ba ciniki take yi ba.

Fassara ta biyu, mai cewa aljani ne kawai, a ƙona shi ya fita a huta, ta fi ta farko illa, domin tana wanke kowa. Idan aljani ne ya yi komai, to uban da ya yi auren dole ba shi da laifi, mijin da yake duka ba shi da laifi, surukar da ta hana amarya sakat ba ta da laifi. Fim ɗin da ya ƙare da fitar aljani ta babban yatsa, aka yi hamdala, kowa ya koma halinsa, ya zubar da duk abin da muryar ta faɗa. Tzvetan Todorov ya nuna a 1970 cewa ƙarfin irin wannan labari yana cikin shakkar da mai karatu yake yi tsakanin bayani na zahiri da na gaibu, kuma The Figurine na Kunle Afolayan, 2009, ya rayu ne a kan wannan shakka, inda aka bar mai kallo yana auna ko gunkin Araromire ne ya kawo masifa ko kuwa kishin aboki ne. Under the Shadow na Babak Anvari, 2016, ya yi haka da aljanu a birnin Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, inda uwar da aka hana komawa karatun likita take fama da abin da yake raba ta da 'yarta. Bahaushe bai taɓa ganin saɓani a nan ba, domin mutumin da zai kai 'yarsa wurin malamin ruƙya ranar Asabar shi ne zai kai ta Asibitin Koyarwa na Shika ranar Litinin, kuma a fahimtarsa iska tana samun wanda damuwa ta riga ta raunana. Fim ɗin da ya riƙe bayanan biyu a lokaci guda shi ne ya yi daidai da tunanin masu kallonsa.

Alhaki

Idan aka bi zaren nan zuwa ƙarshensa, za a tarar cewa dodon gaskiya na fim ɗin tsoro, wanda yake sanye da rigar aljani a wannan fim da ta fatalwa a wancan, alhaki ne. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma babu taƙaitaccen bayanin tsarin fim ɗin tsoro da ya kai wannan: akwai abin da aka aikata, akwai wanda ya aikata, akwai kuma abin da yake bin sa duk inda ya sa ƙafa. A Living in Bondage, Andy ya ba da matarsa Merit domin kuɗi, ya samu kuɗin, amma fatalwarta ta riƙa bayyana masa daidai lokacin da yake tsakiyar jin daɗi, har ya haukace ya koma cin abinci a bola. Ba ta shaƙe shi ba, tsayawa kawai take yi ta dube shi, kuma kallon ya isa. A His House na Remi Weekes, 2020, Bol da Rial sun gudo daga yaƙin Sudan ta Kudu zuwa Ingila, aka ba su gida, sai wani abu ya fara motsi a cikin bango. Sai can aka gane cewa yarinyar da suke makokinta, wadda ta nutse a teku, ba 'yarsu ba ce, Bol ne ya fizge ta daga wurin uwarta domin a bar su su shiga motar gudun hijira. Mayen da ya bi su har Turai bashi ya zo karɓa.

Jiki Magayi ya riga duk waɗannan da shekaru masu yawa, kuma ya fi yawancinsu zurfi, domin ya raba alhakin gida biyu. Malam Shaihu, attajirin da ba shi da ɗa, ya yi amfani da asiri ya raba Abubakar da budurwarsa Zainabu. Abubakar ya bazama duniya neman abin ramuwa, ya sha wahala kafin ya samu, sannan ya sauke shi a kan yaron da aka haifa, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tashi ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Akwai boka da asiri a littafin, amma ba su ne abin tsoron ba. Abin tsoron shi ne yadda wanda aka zalunta ya riƙe ciwonsa har ya zama ya fi azzalumin muni, da yadda zunubin manya yake sauka a kan yaro. Littafin da aka rubuta a Zariya a tsakiyar shekarun 1930 ya riga ya ƙunshi abin da masu sharhin Turai suke yaba wa Hereditary na 2018 a kansa, wato masifar da take bin jini daga kaka zuwa jika.

A nan ne raunin finafinan Hausa na wannan fanni yake, kuma ya kamata a faɗe shi domin ƙaunar fannin. Matsalar ba ƙarancin kuɗi ko kayan haɗa hoto ba ce, domin tsoron zuci ba ya bukatar fiye da ɗaki ɗaya da fitila ɗaya da ɗan wasan da ya iya shiru. Matsalar ita ce saurin kai laifi waje. Mugun kullum kishiya ce, ko matar uba, ko boka a kogon dutse da jan ƙyalle, ko wani arne a ƙauye, kamar yadda Matthias Krings ya nuna a maƙalarsa ta 2005 game da finafinan da suke zana maguzawa a matsayin masu shan jini. Jarumi kuwa fari tas yake, an jefe shi ne kawai, an yi masa sammu ko kurciya ko farraƙu, kuma da an karya asirin shi ke nan. Irin wannan fim yana sa mai kallo ya tashi yana zargin maƙwabcinsa, kuma a nan masu kishin addini suna da gaskiya idan suka yi ƙorafi. Fim ɗin da aka gina a kan alhaki kuwa yana sa mai kallo ya tashi yana tuhumar kansa, yana tuna marayan da aka cinye wa gado, da 'yar aikin da aka kora da ciki, da almajirin da aka tura bara aka manta da shi, da matar da aka saka da jariri a hannu. Wannan aikin wa'azi ne, kuma sau da yawa ya fi wa'azin baki shiga, domin ba ya gaya wa mutum cewa zalunci zai bi shi, sa shi yake yi ya ji takun abin a bayansa.

Akwai kuma amfani na kusa. A Janairun 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta shiga turaka, kuma har yanzu a gidaje da yawa ciwon damuwa da ruɗewar bayan haihuwa da farfaɗiya da dannau duk suna ɗaya ake ba su, a ce iska ce. Farfesa Adeoye Lambo ya nuna tun 1954 a Aro ta Abekuta cewa likita yana iya aiki tare da iyali da masu maganin gargajiya ba tare da ya zubar da iliminsa ba. Fim ɗin tsoro shi ne nau'in da ya fi dacewa ya kai wannan fahimta cikin gida, domin shi kaɗai ne yake da izinin nuna mace tana faɗin abin da ke cinta a gaban surukanta. Abin da ake bukata daga marubutan Kano da Kaduna, da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, shi ne su daina tsayar da labari a inda aljani ya yi sallama, su ƙara fitowa ɗaya bayanta, wadda za a ga mutanen gidan sun zauna washegari da abin da kunnuwansu suka ji, a ga wanda zai nemi gafara, da wanda zai mayar da haƙƙi, da wanda zai dage cewa bai ji komai ba. A wannan fitowa ce za a san ko marubucin ya fahimci mutanen da ya ƙirƙira, kuma da ita ce fannin zai amsa wa masu sukarsa na ɓangarorin biyu.